MAI ZUBA JARIN DA MUKE NEMA YANA CIKIN FADAMA

Gabatarwa

Da wuya a sami gwamnatin jiha a Arewacin Nijeriya da za ta cika kwana ɗari a kan mulki ba ta yi shelar cewa ta buɗe ƙofa ga masu zuba jari na ƙasashen waje ba. Sai a haɗa tawaga a tafi Dubai ko Sin ko Turai, a zauna a manyan otal, a rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna, a ɗauki hotuna, a dawo gida ana buga ganga. Bayan shekara huɗu ko takwas wata gwamnatin ta zo, ta sake buɗe ƙofar da babu wanda ya rufe ta. Talaka kuwa yana nan zaune yana jiran baƙon da aka ce zai sauko daga jirgin sama da arziki a cikin jaka.

Ni ɗan Zauro ne, garin da ke bakin fadamar Gulbin Rima a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma ina cikin dubban matasan da suka kammala digiri aka ce su yi haƙuri, ayyukan yi suna nan tafe tare da masu jari. Matsayata a wannan muƙala ita ce: jihar da ke nesa da teku kamar Kebbi ba za ta taɓa jawo jarin waje a lokacin matsin tattalin arziki ba muddin tana wulaƙanta jarin gida. Babban mai zuba jari a jihar nan shi ne manomin da ya sayar da sa ya sayi injin ban-ruwa. Shi ya kamata a fara shimfiɗa wa darduma, domin sawunsa baƙo yake bi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan batu da suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Halin da ake ciki

Tattalin arzikin Nijeriya ya karye sau biyu cikin shekara biyar, a 2016 da 2020. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan da ya biyo baya aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen 2024 kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Wannan guguwa ta taɓa kowa, amma ba ta taɓa kowa daidai ba. Wanda ke kusa da tashar jiragen ruwa ya sha wuya sau ɗaya, mu da muke fiye da kilomita 800 daga Legas mun sha sau biyu: a farashin kayan da ke zuwa mana, da kuma kuɗin motar kayan da muke turawa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba sa yi mana kara. Rahotonta na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Kebbi suna cikinsa. A wannan shekarar, kuɗin shigar da jihar ta tara a cikin gida bai wuce kimanin naira biliyan 9 ba, alhali Legas ta tara fiye da biliyan 600. Rahotannin hukumar kan jarin da ke shigowa daga waje kuma sun sha nuna cewa Legas da Abuja ne ke kwashe kusan duka, sunan Kebbi yana fitowa shekara bayan shekara da sifili a gabansa.

Mai karatu ya lura da wani abu guda game da jarin waje: ya fi kowane jari tsoro. Idan kuɗin ƙasa ya fara rawa, shi ne na farkon tattara komatsansa. Mun ga manyan kamfanonin ƙetare da suka shekara da shekaru a Legas sun rufe masana'antunsu a 2023 da 2024. To, idan wanda ke zaune a bakin teku ya gudu, da wane dalili za a zaci wani zai tsallake Legas da Ibadan da Ilori ya zo ya kafa masana'anta a Birnin Kebbi saboda an kai masa ziyara da kyautar hula? Baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya bushe. Wanda ba ya gudu shi ne wanda kabarin kakansa ke nan.

Abin da Zauro ta gani

Idan ana neman wurin da zai ba da shaida a kan yadda ake tafiyar da harkar bunƙasa tattalin arziki a ƙasarmu, to a zo Zauro. Ƙananan garuruwa kaɗan ne suka ga manyan baƙi da manyan alkawura kamar yadda muka gani.

Tun 1969 aka fara zancen aikin jingar Zauro, wanda aka tsara zai killace fadamar Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ya hana ambaliya, ya kuma shayar da fiye da hekta 10,000. A 1982 aka buɗe gonar gwaji mai hekta 100. Yau fiye da shekara hamsin da fara zancen, gwajin ne kawai a ƙasa, babban aikin yana cikin takarda. Yaron da aka haifa a shekarar da aka zana taswirar ya yi jikoki. Da aka yunƙura za a tayar da aikin a 2008, manoman Argungu suka yi bore, don ba wanda ya zauna ya gamsar da su cewa ba za a raba su da gonakin gadonsu ba. Ba za a ga laifinsu ba. Suna da labarin Bakolori, inda a 1980 aka zubar da jinin manoman da suka nemi diyyar gonakinsu, suna kuma sane da yadda madatsun Bakolori da Goronyo suka sauya zuwan ruwan da shinkafar fadama ta dogara da shi.

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar nan ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba ƙananan manoma rance, wato Anchor Borrowers. Gaskiya ɗaya ce, shirin ya motsa noman rani, shinkafar Kebbi ta yi suna. A Disamban 2016 gwamnatocin Atiku Bagudu da Akinwunmi Ambode suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice. A Maris na 2021 aka jera dalar shinkafa a Zauro, aka yi jawabai, aka watsa hotuna a duniya.

Yanzu sai mu tambaya: ina waɗannan abubuwa suke? Shirin rancen ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kaso mai yawa bai dawo ba, sabon shugabancin Babban Bankin ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye. Lake Rice ta ɓace daga kasuwa. Legas ta gina nata katafaren kamfanin casar shinkafa a Imota, aka buɗe shi a Janairun 2023, wato ta zaɓi a kawo mata shanshera ta cashe da kanta, ribar casa da ayyukan yi su tsaya a wurinta. Dalar shinkafa kuwa an kwashe buhunanta bayan an naɗe rumfunan taro. Watanni kaɗan kafin a jera dalar, ambaliyar 2020 ta shafe ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a jihar, irin ambaliyar da tun 1969 aka ce jinga za ta rage wa ƙarfi.

Darasin a fili yake. An zuba kuɗi a kan abin da ake ɗauka a hoto, an bar abin da ke ɗorewa. Rance yana ƙarewa, taro yana watsewa, amma magudanar ruwa da jinga da layin lantarki da hanya suna nan ko da gwamnati ta sauya. Haka zancen yake game da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, maƙwabciyarmu. Yana da amfaninsa, musamman ga alhazai, amma buhun albasa ba ya hawa jirgin sama, kuma har yau ba a ga jerin masu jarin da aka ce filin zai sauke ba.

Wane ne mai zuba jari?

A ilimin tattalin arziki, mai zuba jari shi ne wanda ya hana kansa cin abin da ke hannunsa yau, ya sa shi cikin wani aiki da fatan samun ƙari gobe, tare da yarda cewa yana iya yin asara. Ma'anar ba ta ce sai mai kwat da jakar hannu ba. Idan aka auna da wannan ma'auni, fadamar Rima cike take da masu zuba jari.

Tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa, manoman Argungu da Augie da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza da Suru suka karɓi abin hannu bibbiyu. Kowane manomi shi ya haƙa rijiyarsa, shi ya sayi injinsa, shi ke sayen mai da taki da iri, shi ke biyan 'yan ƙwadago. Abin da hukuma ta kasa yi da babban aiki guda cikin rabin ƙarni, su suka yi shi da dubban ƙananan injina. Ba a yafe musu haraji ba, ba a ba su fili kyauta ba, ba wanda ya tare su a filin jirgi. A bayansu akwai matan da ke gumin shinkafa a cikin gidaje, da masu ƙananan injinan casa, da manoman albasa na Aliero, da masuntan Argungu da Yawuri, da 'yan kasuwar Jega da Kamba, da direbobin manyan motoci. Da za a tara jarin waɗannan mutane wuri guda, da an ga cewa su ne ginshiƙin tattalin arzikin jihar.

Ga kuma hujjar da ta fi ƙarfi. A Agustan 2017, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara. A Birnin Kebbi akwai kamfanin Labana. A Ƙaramar Hukumar Ngaski kamfanin GBfoods ya kafa masana'antar tumatir. Me ya kawo su? Shanshera ce ta kawo masu casa, ƙasa da ruwa suka kawo masu tumatir. Manomi ne ya fara sa kuɗinsa, ya tabbatar wa duniya cewa fadamar nan tana bayarwa, sannan babban jari ya biyo sawu. Jari tamkar ruwa yake, ba a roƙonsa ya gangaro, hanya ake gyara masa.

To, yaya ake yi wa wannan mai jari na farko? Da aka cire tallafin mai, kuɗin shayar da gona ya ninka, shi kaɗai aka bari da injinsa. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama casa ba. Farashin shanshera ya faɗi alhali taki yana sama. Na san maƙwabta da dama da suka rage faɗin gonar rani, wasu suka jingine injin a zaure suka nufi kudu ci-rani. Ba na musun cewa mazauna birane suna fama da yunwa kuma dole a sauƙaƙa musu. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mutum ya ci bashi ya noma shinkafa don kishin ƙasa, ya noma, sannan a sauya doka bayan ya riga ya zuba iri. Mai jarin waje da ke nazarin Kebbi daga nesa yana kallon wannan. Ya san cewa abin da ya ci doma ba ya barin awai.

Ƙaryar nisa da teku

Uzurin da aka fi kawowa shi ne Allah ya ajiye mu nesa da teku, saboda haka sai haƙuri. Tarihi bai goyi bayan wannan uzuri ba. A ƙarni na 16, Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya gina Surame, ba tare da ya taɓa ganin teku ba. A ƙarni na 19 kasuwar Jega tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, fataken goro masu zuwa Gwanja suna ratsa ƙasar nan, gishirin Fogha yana shigowa daga yamma. A wancan zamani muna tsakiyar hanya ne. Turawan mulkin mallaka ne suka juya fuskar ciniki zuwa teku, suka shimfiɗa dogo ya kai Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya. Har yau babu taku ɗaya na layin dogo a Jihar Kebbi. Don haka nisan da ake magana a kansa manufa ce ta haifar da shi, kuma manufa tana iya gyara shi.

Dubi taswira. Kebbi tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Daga Kamba zuwa Gaya tafiyar ɗan lokaci ce, daga Gaya a tsallaka gadar Kwara sai Malanbil, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin. Yamai ta fi kusa da Birnin Kebbi a kan Abuja. Wannan ita ce gaɓar tekunmu. Amma a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Wanda ya yanke waɗannan hukunce-hukunce a Abuja yana da dalilansa, amma ɗan kasuwar Kamba ne ya biya kuɗinsu. Da tashar Apapa aka rufe na wata guda, da ƙasar nan ta tsaya cik. An rufe tamu shekaru, shugabanninmu ba su ɗaga murya yadda ya kamata ba.

Sauran duniya ma ta nuna cewa nisa da teku ba hukuncin kisa ba ne. Birnin Chongqing na ƙasar Sin yana can cikin ƙasa, fiye da kilomita 1,000 daga teku. Lokacin karayar tattalin arzikin duniya ta 2008, mahukuntansa suka duƙufa kan abin da ke hana masana'antu zuwa, wato sufuri da wuta da jinkirin kwastam. A 2011 jirgin ƙasa na kaya ya fara tashi daga can zuwa Duisburg ta Jamus, birnin ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka a duniya. Ba mu da kuɗin Sin, amma akwai misalin da ya fi kama da mu. A garin Anand na Indiya, ƙananan masu shanu ne suka haɗa ƙungiyar gama-kai a 1946 don su kuɓuta daga 'yan tsakiya. Ita ce ta zama Amul, wadda a yau take cikin manyan kamfanonin madara na duniya, kuma har gobe mallakar makiyayan ce. A wuraren biyu an fara ne da cire ƙayar da ke ƙafar mai samarwa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Za a ce jarin manomi ƙanƙane ne, ba zai gina masana'antar da za ta ɗauki dubban matasa ba. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a kori babban jari ba. Muna buƙatarsa ƙwarai. Saɓanina da masu wannan magana a kan tsari ne: wanne ke gaba, wanne ke biye? Kamfanin casa da ba ya samun shanshera wata goma sha biyu gini ne kawai. Abubuwan da babban mai jari ke tambaya kafin ya sa sisinsa, wato wuta da hanya da tsaro da tabbacin mallakar ƙasa da dokar da ba ta sauyawa dare ɗaya, su ne dai abubuwan da ƙaramin manomi ke kuka a kansu. Idan aka share hawayen na gida, an amsa tambayar baƙo tun bai yi ta ba.

Za a kuma ce jiha ba ta da kuɗi a wannan hali na matsi. Wannan magana ta yi rauni, domin tun bayan cire tallafin mai kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Matsalar tana wurin zaɓi. Kuɗin tafiya guda ta neman masu jari a ƙetare, da kujerun jirgi da otal da alawus, za su sayi injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da yawa. Kuma da yawa daga cikin gyare-gyaren da ake buƙata ba sa cin kuɗi, ƙarfin hali suke ci.

Wasu za su ce tsaro ne tushen komai, kuma yana hannun Gwamnatin Tarayya. Ba mai musun nauyin wannan. Sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, da harin Lakurawa a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamban 2024, sun isa su kori duk wani mai niyyar zuwa. Sai dai tsaro da aikin yi tagwaye ne. Saurayin da ke da kadada guda ta rani da injin da ke aiki yana da abin da zai kare. Wanda ya rasa komai shi ne ake saye da kuɗi kaɗan. Naira da aka kashe a fadama tana cikin kasafin tsaro ko da ba a rubuta ta a can ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ruwa. A daina jiran ranar da za a sami kuɗin gina jingar Zauro gaba ɗaya. A raba aikin gunduwa-gunduwa, a fara da gyara gonar gwajin da yashe magudanai da gina ƙananan jinga a wuraren da ambaliya ta fi ɓarna. Kafin a kafa turke ɗaya a zauna da masu gonaki da masunta da makiyaya da masarautun Gwandu da Argungu, a rubuta a fili cewa kowa zai ci gaba da riƙe gonarsa. A kuma sa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sanar da manoma a kan lokaci kafin a saki ruwan Goronyo.

Na biyu, wuta. Abin takaici ne a ce tafkin Kainji ya cinye garuruwa da gonakin ƙasar Yawuri a 1968, kuma tun shekarun 1970 layin da ke kai wa Yamai lantarki daga Birnin Kebbi yake tashi, amma mai injin casa a jihar nan da man dizal yake aiki. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta wannan shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. A yi amfani da wannan dama a kafa ƙananan tashoshin hasken rana a unguwannin masu casa da kasuwanni, a kuma taimaka wa manoma su sauya injin fetur da na rana, su biya a hankali bayan girbi. Rana dai ba a shigo da ita daga waje, darajar dala ba ta taɓa ta.

Na uku, ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Amana ce, don haka a sauke ta: a auna gonakin fadama, a ba masu su takardar shaida cikin sauƙi da araha. Gonar da ba ta da takarda ba ta karɓuwa a banki, kuma mai ita kullum yana cikin fargabar ranar da za a ba wani babban mutum. Duk kamfanin da ke son fili ya shigo ta hanyar haya ko haɗin gwiwa da masu gonaki.

Na huɗu, kuɗi da ajiya. Manoma da yawa suna gudun bashin banki saboda kuɗin ruwa, kuma wannan damuwa ce ta addini da ya wajaba a girmama. Shari'a tana da cinikin salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi bisa sharuɗɗa bayyanannu, kuma akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa. A haɗa su da ƙungiyoyin manoma na gaskiya, waɗanda mambobinsu suka san gonar juna, domin rancen baya ya lalace ne a inda aka mai da shi rabon ganimar siyasa. A gina rumbunan zamani a Aliero da Jega da Argungu, ta yadda mai albasa ba zai sayar da ita a wulaƙance ranar girbi don tsoron ruɓa ba.

Na biyar, hanya da iyaka. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 za ta ratsa Kebbi, kuma abin maraba ce. Amma idan ba a haɗa ta da hanyoyin ƙauyukan fadama ba, za ta zama hanyar da kaya ke wucewa ta gabanmu kawai. A rage shingayen karɓar kuɗi da ke tsakanin gona da kasuwa, a haɗe harajin barkatai ya zama guda. Gwamnonin jihohin kan iyaka kuma su haɗa baki su nemi a riƙa jin ta bakinsu kafin a rufe iyaka.

Na shida, gaskiya a bainar jama'a. Kowace shekara gwamnati ta wallafa jerin yarjejeniyoyin da ta sa wa hannu, da abin da aka kashe wajen neman su, da adadin waɗanda suka zama gini da ma'aikata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi da Zuru, da Kwalejin Waziri Umaru, su karɓi aikin bin diddigin wannan lissafi, su kuma mai da binciken ɗalibansu kan matsalolin gona da casa da ajiya.

Kammalawa

Mu matasa masu takardar digiri ma akwai magana a kanmu. Idan muka ci gaba da ɗaukar fadama a matsayin wurin waɗanda ba su yi boko ba, muna jiran kamfanin baƙo ya ba mu kujera da fanka, to mun shiga layin masu jiran jirgi. Ƙungiyoyin manoma suna buƙatar mai riƙe lissafi, injinan rana suna buƙatar mai gyara, shinkafarmu tana buƙatar mai nema mata kasuwa a Yamai da Legas. Waɗannan ayyuka ne na masu ilimi, kuma ba wanda zai zo daga Dubai ya yi mana su.

An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Ta haura shekara talatin, ta wuce shekarun zaman jiran tsammani. Matsin da ake ciki zai wuce kamar yadda na baya suka wuce, kuma ranar da jari ya sake fitowa neman wurin sauka, zai sauka ne inda ya tarar da ruwa yana gudu a magudana, wuta tana ci, manomi yana da takardar gonarsa, doka kuma tana nan yadda aka bar ta jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ina kira ga gwamnati da 'yan majalisa da sarakunanmu da su juyo da fuskarsu daga filin jirgi zuwa fadama. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle kuma namu gatarin ba guntu ba ne, wasawa kawai yake jira.